Taku Shida Tsakanina da Adda

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. Duk wanda na haɗu da shi a bakin shagon Danladi a Sabon Gari sai ya tare ni, wai me ya kai ni wata ƙasa sayen gilashin kyamara alhali ga shi nan jibge a kasuwa. Wasu har sun yanke hukunci cewa aure na je nema na fake da sana'a. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Sunana Bukar, a Fagge aka haife ni, shekarata goma sha huɗu ina ɗaukar hoton biki da suna. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, Babarbare ne da fataucin yadi ya kawo shi Kano ya zauna. Mahaifiyata Bafulatana ce daga Yola, kuma ni ne ɗanta na fari. Wanda ya san Fulani ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama inda nake zaune, in na je gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Kakata ce ta raine ni, shi ya sa ban iya ce wa mahaifiyata Inna ba, Adda nake cewa kamar yadda na ji ƙannenta suna faɗa. In tana da saƙo gare ni ƙanwata Yagana take ba wa, ko da kuwa ina tsaye a wurin: ki ce wa wancan kaza da kaza. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, kunya ce. Amma abu ɗaya ya daɗe yana cina. Na ɗauki amaren da ban san iyakarsu ba, na ɗauki iyayensu da kakanninsu, ga shi ba ni da hoton uwata ko ɗaya da ake ganin idonta. Da ta hango kyamara a hannuna sai mayafi ya sauko.

Bayan ta fita takabar mahaifinmu sai ta ce ita Yola za ta koma ta ƙarasa rayuwarta cikin danginta. Mun yi magiya har mun gaji, ba ta sauya ba. Yagana ce ta samo kanta a kan abu ɗaya, ta ce mata jikoki za su taso a Kano ba su san fuskar kakarsu ba, ta daure ta zauna a ɗauke ta. Sai bayan kwana biyu Adda ta ce to, amma sau ɗaya, ranar Juma'ar da za ta kwana ta tafi, kuma kada a kawo mata baƙon namiji cikin gida. Wato aikin ya faɗo kaina ke nan, kuma ni dama ban so ya faɗa kan kowa ba.

Sai dai alƙawarin ya same ni ba ni da abin ɗauka. Wata guda kafin nan na sayar da tsohuwar kyamarata da gilasanta na gaba, wato lens, guda uku, na koma wani kamfani daban, na sayi sabuwa irin marar madubi a ciki, wadda take gani a ɗaki mai duhu ba sai an kashe wa mutane ido da fitila ba. Har gobe ban yi nadamar wannan ba. Amma kowane kamfani da irin bakin kyamararsa, lens ɗin wannan ba ya hawa kan ta wancan, kuma abin da ya rage a aljihuna na lens ɗaya ne tak. Wanda ya yi mini alƙawarin kawowa daga waje kayansa suka maƙale a hanya. Na zagaye Kasuwar Sabon Gari layi-layi, duk abin da na samu mai hawa kyamarata masu zum ne, wato masu zuƙo abu daga nesa, irin na araha, waɗanda da rana ta karkata sai hoto ya dusashe. Ni kuwa tsayayye nake so, wanda ba ya zuƙowa ba ya turawa, lamba ɗaya gare shi, in kana son kusa ka taka da ƙafarka. Irinsu ne masu kaifi da shan haske. Lambata kuma na san ta, talatin da biyar. Da ita na yi suna a Fagge, kuma a ganina lokacin ba wanda zai koya mini komai a kanta.

Danladi ne ya samo mafita. Mai gyaran kyamara ne, Bazazzagi ɗan Wusasa, Kirista, abokina tun muna koyon aiki, kuma bai taɓa barin rana ta faɗi bai tsokani Kanawa ba. A wani zauren masu hoto na waya ya ga wani dattijo a Damagaram, Malam Isufu, yana son rabuwa da lens guda uku masu hawa irin kyamarata. Ɗansa ne ya aiko masa da su daga Faransa, ido kuma ya fara gazawa, ya ajiye aiki. Na kira dattijon na ce ya ba direba mai lamba talatin da biyar, zan tura kuɗi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Ni ba na sayar wa mutum ido sai na ga tsayuwarsa. Ka zo da ƙafarka."

Na so in yi fushi, amma ranar Litinin ce, Juma'a tana ƙarato ni. Danladi ya ce zai rufe shago ya raka ni, wai kada a sayar wa Bakano ƙasan kwalba ya dawo yana murna.

Ranar Talata da sassafe muka hau adaidaita daga Rijiyar Lemo zuwa tasha, muka sami ƙaramar mota mai zuwa bakin iyaka ta hanyar Daura. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ban da direba da buhun barkonon da aka ɗora mana a ƙafa. Na rungume jakar kyamara a cinya tun daga Kano. Wata Hajiya mai fataucin robobi da ke gefena ta yi ta kallona har Kazaure, daga nan ta kasa haƙuri ta tambaya ko jariri ne a ciki. Da ta ji mai hoto ne sai ta shiga ba ni labarin wanda ya ɗauki bikin 'yarta ya mai da ita baƙa ƙirin, kamar ni na aike shi. Na ba ta haƙuri a madadin duk masu hoton ƙasar nan. Barkonon nan kuwa ya sa mu atishawa bi da bi har Daura, Danladi yana cewa ko a cocinsu ba a amsa waƙa da tsari haka.

A Kwangwalam muka sauka. Ɓangarenmu ba a daɗe ba, aka duba takardunmu aka ce mu wuce. A ɗaya ɓangaren ne wani jami'i dogo, mai fara'a, ya ce in buɗe jaka. Ya ɗaga kyamarar ya juya ta gaba da baya, ya tambaya ko ni ɗan jarida ne. Na ce a'a, hoton biki nake yi. Ya ce to madalla, in gwada masa, in ɗauke shi yanzu ya gani. Nan na tsaya ina kame-kame, don kyamara ba lens ba ta ganin komai sai fari. Ya kira abokin aikinsa ya ce ya zo ya ga mai hoton da ba ya iya ɗaukar hoto. Danladi, maimakon ya cece ni, sai ya koma gefe yana dariya har da riƙe ciki. Da ƙyar na tuna da wayata, na buɗe masa hotunan amare ya yi ta turawa da yatsa yana gyaɗa kai. Ya miƙo mini kayana ya ce mu sauka lafiya, amma in na samo idon, a dawowa ba zan wuce ba sai na ɗauke shi.

Daga nan muka canza mota. Abin da na fara lura da shi shi ne direbobinsu ba sa gaggawa irin namu. A Matamai direba ya tsaya ya sha fura a nutse, ya gaisa da mutanen da ban ƙirga ba, babu fasinja ɗaya da ya ɗaga murya. Da a Kano ne da tuni an tambaye shi ko motar gadon gidansu ce. Hausarsu kuma tamu ce, sai dai kowace jimla akwai kalmar Faransanci ɗaya a tsakiyarta kamar tsakuwa a shinkafa, kana cikin tauna lafiya sai ka ji ƙas.

Mun shiga Damagaram bayan azahar, muka tarar da gari ya yi tsit. Shaguna a rufe, masu su sun tafi gida hutun rana. A Fagge in mutum ya rufe shago da tsakar rana maƙwabta zuwa suke yi su tambaya wa ya rasu. Wayar Malam Isufu ma a kashe, shi ma yana hutawa. Muka yi ta tambayar gidan mai sayar da lens, kowa ya girgiza kai. Sai da wani tela ya ga ina zana da'ira da yatsa a gaban kyamara sannan ya ce, au, objektif kuke nufi, ai Isufu mai hoto ne, ga gidansa can bayan wancan dutsen. Ashe mun wuce ƙofarsa sau biyu.

Malam Isufu gajeren dattijo ne, siriri, mai tabarau mai kauri, ba ya magana da sauri ko da wuta ta kama rigarsa. Da muka gaisa na tambaye shi masaukin baƙi mai sauƙi, ya ce ba a yi otal ɗin da baƙonsa zai kwana ba tukuna, ya buɗe mana ɗakin zaure inda yake aiki a da. Ya fara tsokanata da wasan da ke tsakaninsu da Kanawa, wai Bakano ko gaisuwa ya yi maka sai ka duba ko ya ci riba. Na ce ni Babarbare ne, Kano haihuwa ce kawai. Ya ce to ai kai ɗan gida ne, Damagaram daga Barno ta samo tushe, ya juya kan Danladi. Da ya gane Kirista ne, ba wanda ya tambaye shi, ya kwatanta masa hanyar coci dalla-dalla, ko da zai buƙata. Danladi ya ce a tsakiyar mako ba ya damun Ubangiji sosai, amma ya gode.

Ni duk ɗokina a fito da kaya. Malam Isufu ya ce ba a gwada ido da hasken yamma bayan doguwar tafiya, sai da safe. Aka kawo mana dambu da zogale ya sha man gyaɗa, na ci har na ji kunya. Ruwa ne dai ba su da shi kamar mu. Bokiti ɗaya aka ajiye mana mu biyu, kuma daga yadda aka ajiye shi na gane ba a wasa da shi a garin. Ni da na saba sakin famfo ina waƙa, ranar da kofi na yi wanka, na kuma fita tas. Da safe aka kawo burodinsu dogo mai tauri kamar sandar makiyayi. Danladi ya gatsa ya ce yanzu ya gane dalilin da ya sa mutanen garin ba sa yawan surutu, haƙoransu sun gaji tun da safe.

Bayan mun karya, Malam Isufu ya shimfiɗa darduma a tsakar gida ya jera lens uku a kai, kowanne a cikin tsumma mai tsabta. Ya kira sunayensu da Faransanci: tarant-sank, sankant, katar-ban-sank. Wato talatin da biyar, hamsin, da tamanin da biyar. Na ƙarshen ya ce in an fassara shi ashirin huɗu da biyar ke nan. Danladi ya ce mutanen da sai sun yi lissafi kafin su faɗi lamba ai dole su riƙa hutun rana.

Ban tsaya kallon sauran ba, na ɗauki talatin da biyar na ɗaura. Malam Isufu ya jawo kujera ya zauna ya ce in ɗauke shi daga ƙugu zuwa sama. Ƙafata ta kai ni inda ta saba, taku uku da rabi daga gabansa, na ɗaga kyamara. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Ga dattijo can ƙarami a tsakiya, ga akuya, ga buta, ga igiyar shanya, ga Danladi a gefe yana hamma. Na matsa taku ɗaya, bai cika ba. Na ƙara matsawa. Kafin ya cika hoton yadda nake so sai da na zo dab da shi, har ina jin ƙanshin turaren rigarsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Farantin da ke karɓar haske a cikin tsohuwar kyamarata ƙarami ne, tsakiyar abin da lens ya gani kawai yake ɗauka ya yar da gefe. Saboda haka talatin da biyar ɗin da nake taƙama da ita duk shekarun nan aikin hamsin da 'yan kai take yi mini. Sabuwar kuwa farantinta babba ne, ba ta yar da komai. Na san wannan a baki, na sha faɗa wa wasu ma, kuma Danladi ya tuna mini tun a Kano na ce ya kama gyaransa. Kaina ya sani, ƙafata ce ba ta sani ba. Na ji kunya, ba kaɗan ba.

Duk da haka ban sauka daga kan bakana ba. Na ce wa Malam Isufu hakan ma ya fi, domin ɗakunan amare a Fagge ƙanana ne, gado da kabad sun cinye rabi, ƙawaye goma sha biyu kuma kowace tana so ta fito. Lens mai faɗi irin wannan shi ne abincina. Ya yarda da ni, ya ce gaskiya ne, in don amare ne in ɗauka in tafi. Sannan ya cire tabarau yana gogewa ya ce:

"Amma mutum ba ya ƙetare iyaka a tsakiyar mako saboda amaren da bai sani ba. Wa ke jiranka?"

Ban yi niyyar faɗa ba, amma na faɗa masa duka, da kunyar, da tafiya Yola, da sau ɗayan da aka ba ni. Bai yi mini wa'azi ba. Tambaya ɗaya ya yi, wai in tana zaune a ƙofar ɗakinta na shigo gidan, taku nawa nake iya matsowa kafin ta tashi. Na ce ban sani ba. Ya ce in kira wanda ya sani.

Na kira Yagana na ce ta je ta auna mini da ƙafa. Ta fara tambaya ko ranar Damagaram ce ta taɓa ni. Da na yi mata bayani sai ta ce ai ba sai ta yi dogon tunani ba, iyakata randa ce. In na tsaya daga bakin randar tsakar gida Adda tana ci gaba da abin da take yi, in na wuce randa ko da taku ɗaya ne sai ta tattara ta shige ɗaki. Ina jin takunta a waya tana ƙirgawa, ta dawo ta ce shida. Shekarata arba'in ina shiga gidan nan ban taɓa lura ba, ita kuwa ta daɗe da sani. Na kashe wayar, abin ya taɓa ni.

Malam Isufu ya tashi ya auna taku shida daga kujerarsa, ya ja layi a ƙasa da ƙafa, ya ce in tsaya nan kada in wuce. Da talatin da biyar daga wurin, mutum ya zama ɗan mitsitsi a cikin tarkacen gida. Da hamsin ya matso, amma fuska ba ta kai yadda za ka karanta ido ba. Da na ɗaura tamanin da biyar sai ga dattijo ya cika hoton daidai, zaune, daga kai har gwiwa, bangon bayansa ya narke, ina ganin har zaren da ya fito a wuyan rigarsa. Ban motsa daga layin ba.

Nan gardama ta tashi tsakanina da Danladi. Shi hamsin ya ce in ɗauka, tsaka-tsaki, ta yi mini aikin biki da ɗan haƙuri, hoton Adda kuma in yanke gefe a kwamfuta ya matso. Ya tuna mini cewa da tamanin da biyar a ɗakin amarya sai dai in ɗauki hanci da ɗan kunne, kuma lokacin bukukuwa ya kusa, ina da iyali. Maganarsa gaskiya ce, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Malam Isufu bai sa mana baki ba, shayi kawai yake ta juyawa daga kofi zuwa kofi, irin nasu mai zagaye uku wanda ba a tashi sai an sha na ƙarshe. Kafin a kai na uku na gama shawara. Na ce biki kowace shekara ana yi, in ta kama in yi hayar lens zan yi, kayan da suka maƙale ma wata rana za su iso. Wannan zaman kuwa sau ɗaya aka ba ni, ba zan je masa da abin da sai na yi masa kwaskwarima ba. Danladi ya ce taurin kan Barebari da na Fulani ne suka haɗu a mutum ɗaya, ya karɓi lens ɗin ya haska shi da fitilar waya ta gaba da ta baya yana neman fumfuna ko ƙarzuwa. Bai sami komai ba, kuma na ga alama ya so ya samu.

Ranar Alhamis muka kamo hanya. Malam Isufu ya rako mu har tasha da ƙullin kilishi, ya ce in hoton ya yi kyau kada in turo masa, ba nasa ba ne, in dai gaya masa ya yi. A bakin iyaka muka tarar da dogon jami'in nan, bai manta ba. Ya gyara hula ya tsaya ƙyam ya ce yana so a gan shi tun daga kai har takalmi. Na fara ja da baya, ina ja ina ja, har abokin aikinsa ya ce a tare mai hoto zai koma Najeriya ba a buga masa hatimi ba. Hoton dai ya fito, na tura masa a waya a nan take, ya ce yanzu ya yarda ni mai hoto ne.

Bari in amsa tun kafin ku tambaya, don na san inda za ku. E, na sha wahala a bukukuwan da suka biyo baya. An yi bikin da na tsaya a bakin ƙofa, rabin jikina a waje, ina roƙon ƙawayen amarya su shigo hoto uku-uku. An yi wanda na hau kan buhun shinkafar gara don in sami wurin tsayawa. Sau biyu na yi hayar mai zum a Sabon Gari, Danladi kuma bai bar ni na manta ba ko sau ɗaya. Duk da haka in aka sake jera mini ukun nan a kan darduma, hannuna wuri ɗaya zai sake zuwa.

Ranar Juma'a bayan la'asar na shiga gida. Kawunmu da ya zo daga Yola ɗaukar Adda yana zaure, kaya a ɗaure a jingine da bango. Yagana ta sa ta ta ɗaura zaninta mai ruwan bula, ta shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki inda haske yake faɗowa a kaikaice. Na yi sallama, na tsaya a bakin randa, na gaishe ta, ta amsa wa bango kamar kullum. Ba ta tashi ba, mayafin ma bai sauko ba. Na ɗaga kyamara na kai ido. Komai ya zauna daidai yadda na auna, sai abu ɗaya, fuskarta tana kallon gefe.

Yagana ta lallaɓa ta, ta yi mata wasa, ta kira sunayen jikoki, ko gezau. Na daɗe ina jira. Sai na gane laifina ne, domin ko da kyamara ta rufe mini rabin fuska, ai fuskata ce a tsaye tana kallonta. Zufa ta jiƙa ni, na cire hula na ajiye a kan murfin randa. Na durƙusa kamar yadda nake yi in zan gaishe ta, na ɗora kyamarar a gwiwa, na ɗago ɗan allon da ke bayanta ya kalli sama, na sunkuyar da kai ina duban allon. Idona a ƙasa, ba a kanta ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. A cikin allon na ga ta juyo a hankali, kamar mai tsoron kada a kama ta. Kyamarar ba ta ƙara in an danna, Adda ba ta ji komai ba. Sau ɗaya ta ce, amma Allah ya yafe mini, sau bakwai na danna. Ta daɗe a haka fiye da yadda hoto yake buƙata, ni kuma ban ɗago ba sai da na ji motsin tashinta.

Da na buɗe hotunan a kwamfutar shagon Danladi, sai na ga idon uwata sosai a karon farko, a buɗe, garau, da ɗan ruwa-ruwa a ciki. Danladi ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce hoto ya yi, sai dai ba ta kalli lens ɗin daidai ba, idonta ya ɗan haura sama kaɗan. Na duba duka bakwai ɗin, haka ne. Na ce ba komai, wannan ma ya ishe ni.

Da safiyar Asabar muka loda kaya a mota. Adda ta fito ta shiga baya, jikoki suna kuka, maƙwabta suna addu'a. Ni ina tsaye daga nesa kaɗan kamar yadda na saba, da hulata a kai. Direba ya tayar da mota, sai ta yafito Yagana ta taga. Ba ta rage murya ba, kuma ba ta dube ni ba.

"Ki ce wa wancan ya riƙa hutawa," in ji ta. "Na ga furfura a tsakiyar kansa."

Ni ban san da ita ba. Sai da motar ta fita daga layinmu na cire hula na sunkuya na ce Yagana ta duba mini. Ta duba ta ce tana nan, sili uku.